Hamada a Shagon Maureen

A Leeds, bayan tashar bas,
akwai shago mai warin tsohuwar takarda.
Na ce wa Maureen hanyar Agadas nake nema.
Ta ce, "Wayarka fa?"
Na ce waya ba ta san Sahara ba.

Ta hau tsani, gwiwa na ƙara,
ta sauko da taswira mai tabon shayi.
Muka shimfiɗa ta bisa kanta:
ga Dover, ga Marseille, ga Tamanrasset,
sai ninki ya cinye kilomita ɗari uku.

Ashe wani ya riga ni.
Da fensir ya zana rijiya,
ya rubuta shekarar da ta girme ni.

Fam huɗu na biya.
A waje ana tsuga ruwa.
Na cusa hamada cikin rigar sanyi
kar ta jiƙe.