Saura Wasa Uku

Saura wasa uku, muna can ƙasan teburi.
Ruwan Jos ya jiƙa benci,
na shimfiɗa jarida na zauna.

Dalyop mai tsaron gida ya ɗaure gwiwa da tsumma.
Wata huɗu ba albashi,
amma yana tsalle kamar jiya aka biya shi.

Bara har kan katanga mutane suke.
Yau ina iya ƙirga mu:
ni, mai gasa masara,
sai tsoho Bulus da hujajjiyar gangarsa.

Minti na tamanin da bakwai
ƙwallo ta daki turke ta dawo.
Ko zagi ba wanda ya yi.

A hanyar Farin Gada mai keke ya ce, "Nawa-nawa?"
Na ce, "Asabar ma zan zo."