Gwazan Ummu Nawwaf

Ranar da aka sauke shi daga bayan mota
cikin baƙar tukunyar roba,
da 'yar takarda a wuyansa, riyal tamanin,
Ummu Nawwaf ta ce, "Tanimu, bi shi a hankali,
kunnen giwa sunansa, daga nesa ya zo."
Na duba, na sake dubawa,
na haɗiye dariya kamar loma mai zafi.
Gwaza ne fa.
Gwazan da Inna Dije ke tonowa a fadamar bayan gari,
ta dafa, ta kasa a faifai,
mu ci da ƙuli da barkono
har maƙogwaro ya hau ƙaiƙayi.

Yau ga shi a Jidda ya zama ɗan gata,
ni ne baransa.

Na zaɓa masa gefen katanga ta gabas,
inda rana ke gaisuwa da safe ta wuce,
don ta azahar a garin nan ba ta san sabo ba,
ganye ɗaya ta lasa sai ya koma takarda.
Na haƙa rami kamu biyu,
na kwashe yashin teku mai gishiri,
na zuba baƙar ƙasar buhu da kashin tumaki,
na danna da tafin hannu yadda ake danna kan yaro
in zai tafi makaranta.

Ruwan tanka tsada gare shi.
Sai na kafa bokiti ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki,
ɗis, ɗis, dare da rana,
gumin gidan masu kuɗi,
da asuba in juye masa a gindi.
Shi dai kada ƙafarsa ta bushe.
In iska ta kwaso ƙura daga hamada
in bi ganyen da jiƙaƙƙen tsumma,
in leƙa bayansa ko 'yan jan ƙwari sun yi saƙa.
Wanda ya yi rawaya in yanke shi daga tushe,
hannuna cikin leda, na san halin ruwansa.

Wata huɗu, ganye ya kai faɗin tire.
Baƙi mata na tsayawa ɗaukar hoto,
jikanta Rayan na ɗiga ruwa a kai
yana ihu, don ɗigon na gangarawa
kamar ƙwayar azurfa, ganyen bai jiƙe ba.
Na ce a raina, haka muke ni da garin nan:
shekara goma sha tara yana zuba a kaina,
ban riƙe ko ɗigo ba.

Ban taɓa gaya mata abin da ke ƙasa ba.
Ita ganye ta saya.
Ni kuwa in na durƙusa cire ciyawa
yatsana kan taɓa ƙundun yana kumbura a duhu,
yawuna ya tsinke, in yi istigfari.

Da ya fitar da 'ya'ya biyar a gefe
na raba su da wuƙa, na jera huɗu a bakin ƙofa.
Na biyar, ƙaramin, mai ganye ɗaya a naɗe,
na roƙa, ta ce ɗauki.
Yana Karantina yanzu, a gwangwanin madara,
kan tagar ɗakin da muke kwana mu shida.
Ɗanlami direba kullum sai ya tambaya,
"Yaushe za mu dafa?"
In ce masa bai ƙosa ba.

Ya ƙosa tun watan jiya.
Jiya da dare na ɗauko cokali zan tona,
sai na ga sabon ganye ya fara warwarewa,
kore shar, ya juya fuska wajen titi.
Na mayar da cokalin cikin kwano,
na je na ɗebo masa ruwa.