Zaren da Babu Shi

Ƙarfe biyu saura, ruwa na dukan rufin asibiti,
Kumasi ta jiƙe har ɓargo,
aka turo mini Baba Gariba, telan Aboabo.
Shekara arba'in yana yi wa mutane ɗinki,
yau shi aka ɗinke: ƙaba ce, an gama lafiya.

Ya buɗe ido, amma ba shi ya leƙo ba.
Hannunsa ya tashi yana tsinto zare a iska,
ya lashi bakin zaren, ya nemi kafar allura,
ya kuskure, ya sake, ya kuskure.
"Wa ya zuba kyankyasai a kan atamfar mutane?"
Ya kira ni Azumi.
Azumi, in ji ɗansa, damina shida ke nan tana ƙasa.

Ɗan nasa, Isaka, ya riƙe ƙyauren ƙofa:
"Sista, wannan ba na asibiti ba ne. An taɓa shi."
Abokiyar aikina ta ce tsufa ne, a ɗaure hannun,
a ƙara masa na barci mu samu mu huta.

Na ce a dakata.
Na duba iskar jininsa, lafiya. Sukari, lafiya.
Sai na ɗora tafina a goshinsa:
zafi kamar dutsen guga, kuma ko ɗigon gumi.
Harshe ya bushe kamar ƙanzo.
Zuciya na sukuwa ba mahayi.
Mara ta cika tam, ta hana fitsari hanya.
Na haska fitila: baƙin idon ya buɗe
kamar na kyanwa a duhu, ya ƙi tsukewa.

Na san idon nan.
Ina 'yar shekara tara yayana Nuhu ya sha zaƙami
don abokai sun ce ba zai iya ba.
Kwana biyu yana kamun kifi a tsakar ɗaki.

Na jawo takarda na bi layi da yatsa.
Ga shi nan: hayosin, kafin tiyata,
don a busar da yawu, a hana amai.
Ɗan gida ɗaya ne da zaƙami, sai dai shi ya yi boko.
An aike shi maƙogwaro, ya zarce ƙwaƙwalwa.

Dokta Boakye ya zo da hular tiyata a karkace.
Ya duba ido, ya duba takarda, ya gyaɗa kai.
Fisostigmin, ta jijiya, sannu sannu,
kamar mai zuba manja a kwalbar da ba mazurari,
idona kan allon zuciya kada ta yi sanyi da yawa,
atirofin a gefe ko da za ta yi.

Minti biyar. Bakwai.
Hannun ya sauko ya kwanta a kan bargo.
Gumi ya tsattsafo a gefen hancinsa,
ban taɓa murnar ganin gumi haka ba.

"'Yata, ina ne nan?"
Na faɗa masa.
"To wa ya rufe mini shago?"

Isaka ya zauna a ƙasa yana dariya da hawaye.
Ni ban tashi ba, don maganin gajeren zango ne,
ruɗun kan iya dawowa kafin la'asar.
Na ja kujera na zauna gadi.

Ya daɗe yana kallon wuyan rigata.
"Wa ya yi miki wannan ɗinkin?
Ki kawo mini ita in na warke."