Ƙofar Gabas

A Samaru, shekarar da na kama aiki,
ɗakin kwamfuta ya fi ruwan randa sanyi.
Takalma muke tuɓewa a bakin ƙofa.
In an tashi, ni da Lawandi sai mu laɓe:
baƙin gilashi, haruffa kore shar,
ɗigo guda yana ƙifta ido, yana jiran mu.

"Kana tsaye a bakin kogo.
Akwai fitila a ƙasa. Akwai ƙofa a gabas."
Iyakar abin da ta ba mu ke nan
da Turancinta na marowata.
Sauran, daga gida muka zo da shi:
duwatsun na Kufena ne,
ruwan da ke ɗiga na Kubanni,
warin jemagu kuwa na tsohon soron kakata.

Kalma biyu take ji, ba ta jin ta uku.
Ɗauki fitila. Nufi gabas.
Ka gaishe ta, ta ce ba ta gane ba.
Mun zana taswira a bayan takardar albashi,
mun yi mako bakwai muna ɓata a rami ɗaya.
Har Lawandi ya koma ga Mahaliccinsa
ba mu gama musun ƙofar nan ba:
shi ya rantse ta ƙarfe ce,
ni kuwa ƙyauren katako na gani, har da cin gara.

Jiya jikata Ummita ta ja ni Kwangila,
shagon Ɗan'asabe, inda yara ke layi da canjinsu.
Na ga ciyawa tana kwantawa in iska ta bi ta kanta.
Na ga gumi a goshin wanda ba a haifa ba.
Ba zan ɓoye ba, baki na saki.
Ta miƙo mini abin latsawa,
manyan yatsuna suka yi ta karo kamar raguna,
na faɗa rami sau shida, yara na ta ƙyaƙyatawa.

Sai ga ƙofa. Ja ce.
Kowa ya ga ja ce.
Ba abin da ya rage na musu.

Nan wuta ta ɗauke, janareta ba mai.
Duniya guda, da dazukanta da tekunta,
ta koma gilashi mai nuna mana fuskokinmu.

A keke, kan hanyar gida, ta cika ta yi fam.
Na ce, "Kina tsaye a bakin kogo."
Ta harare ni. Shiru har PZ.
Can ta ce, "Akwai fitila?"
Na ce akwai.
"Na ɗauka. Na kunna. Kaka, ƙofar wace iri ce?"

Na buɗe baki zan ce ta katako,
sai na tuna Lawandi.
Na ce, "Ɗaga fitilar, ki faɗa mini."