Katangar Mutum Biyar

Ƙarfe ɗaya na dare a Samaru,
zafin bazara ya kori kowa daga ɗaki.
Tanimu ya jingina wayarsa da gwangwanin madara
a teburin Sallau mai shayi,
ya ce, "Kawu, yau ake zaɓe."
Na ce wane zaɓe kuma, ba mu warke daga wancan ba?
Ya ce na 'yan ƙwallon Amurka,
ƙwallon nan mai siffar gwanda
da ake rungumewa a ƙirji kamar kuɗin adashe.

Shekara uku ke nan yana koya mini.
Ni magini ne, ɗan magini,
hannuna ya san laka kafin ya san alƙalami.
Dokokin wasan har yau zille mini suke yi,
amma abu ɗaya na gane tun daren farko:
ƙartin nan biyar da ke durƙusawa a gaba
katanga ce.
Mai jifan da ke bayansu shi ne mai gida.

Bara na ga yadda aka yi da mai gidan.
Sau arba'in da bakwai, Tanimu ya ƙirga,
ana sauke shi kamar buhun masara daga tirela a Kwangila.
Ta hagu ɓarakar take,
gefen da idonsa ba ya kaiwa.

Sai ga mai kwat ya hau dandamali da takarda.
Zagayen farko: sun ɗauki mai gudu,
siriri kamar karan dawa,
yadi arba'in a daƙiƙa huɗu da 'yan kai.
Tanimu ya daka tsalle har shayin Sallau ya zube.
Na ce sun sayo ƙofar ƙarfe mai fenti
za su kafa a ginin da gara ta cinye.
Wa zai jefa masa ƙwallon
in mai jifan na kwance yana ƙirga taurari?

Na taɓa yi wa wani aiki a Tudun Jukun.
Buhu ɗaya, ya ce, a fitar da bulo sittin,
rarar kuɗin a sayo tayil mai sheƙi.
Malka ta zo a watan takwas.
Tayil ɗin na nan. Gidan ne babu.

Dare na biyu, wani mai gudun.
Ban ko shanye shayina ba.

Rana ta uku, gab da magariba, zagaye na shida,
lokacin da masu tafi duk sun watse,
aka kira wani yaro mai faɗin ƙofar zaure.
Tanimu ya taɓe baki: masana sun ce hannunsa gajere ne.
Na ce nuno mini shi yana aiki,
kuma sauke hoton ƙasa, ƙafafunsa nake so.
Bai haɗe su ba. Bai ɗaga dunduniya ba.
An ture shi, ya ja taku ɗaya, ya zauna daram
kamar turmi a tsakar gida.
Ba a sanin tubali da ido,
sai an sake shi ƙasa an ji ƙararsa.
Wannan ya bushe a rana.

Amma tubali ɗaya ba ya tare gida,
kuma huɗun da zai tarar, biyu gwiwa ta ci su.
Na ba su rabi, Tanimu ya ba su cikakke.
Sallau ya ce mu biya shi tukuna.

Na hau babur na nufi cikin birni.
A Ƙofar Doka na jiyo ƙamshin hadari,
na farko a bana.
Na faka a ƙofar gida, fitila ta haska katangata:
tsagar nan da Hajo ta yi damina biyu tana nuna mini
ta ƙara buɗe baki.
Ta hagu take.