Ƙarin Huda

Wata goma sha ɗaya ke nan da ruwa ya cinye 'yar gadarmu,
wadda ta haɗa majema da bakin kasuwar Marwa.
Mayo ya cika, ya tafi da ita a dare guda,
ya janye, ya bar mana yashi da ƙarafa tsirara.
Muka rubuta takarda. Malam Njidda ya buga mata hatimi,
ta hau mota, ta wuce Garwa, ta sauka Ngaundare,
an ce daga can jirgin ƙasa ta shiga.
Takarda ta ga Yawunde, ni ban taɓa gani ba.
Har yau ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Ni baduku ne, majema kuwa a ƙetare suke,
kullum sai na ratsa yashi mai zafi da fatu a ka.
Mai karɓar haraji bai taɓa makara ba,
shi ya san hanyar da ba ta bukatar gada.

Daren Laraba Garga, ɗan ƙanwata, ya kira daga Turai,
daga Bilbawo, inda yake dakon kifi a ɗakin sanyi.
Ya ce, Kawu, mutanen nan Bask ake ce musu,
harshensu bai yi kama da na maƙwabta ba,
kamar gauraka a tsakiyar zabi.
Ya ce harajinsu a gida yake fara kwana,
su ƙirga, su ware na babban birni su aika,
sauran su yi makaranta, su yi asibiti.
Na ce, to sun ɓalle ke nan?
Ya ce, a'a, har yanzu kundi ɗaya ya ɗaure su.
Wasu na cewa ya isa, wasu na cewa da saura.
A can baya har jini ya zuba.
Tsohuwar da yake haya a gidanta ba ta son zancen,
in an tayar, sai ta tashi
ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke.

Kati ya ƙare kafin in tambaye shi batun gada.

Na kai maganar wurin shayi, gindin dogon yaro.
Njidda ya ɗauko kundin tsarin mulkinmu, bangonsa ya sha hannu,
ya karanta da Faransanci, ya juya mana da Fillanci,
ni na juya wa kaina da Hausa:
ƙasa ɗaya ce, ba a raba ta,
amma za a sauko wa yankuna da iko.
Bubakari direba ya ce, a wace mota zai sauko?
Aka yi dariya. Njidda bai yi ba.
Ya ce ɗan'uwansa soja ne, ya ga abin da raba gari ke haifarwa,
kowa ya yi hankali da harshensa.
Shayi ya huce a hannuna.

Da safe wani jandarma ya kawo mini ɗamararsa,
ya yi ƙiba, tana cin sa a ciki.
Fatar mai kyau ce, ta shekara ashirin ba ta tsage ba.
Na auna yatsa biyu daga hudar ƙarshe,
na sa basilla, na danna.
Ya ɗaura, ya ja numfashi har ƙasa,
ya ba ni dala ashirin, ya tafi.
Na daɗe ina duban ɗan ɓarɓashin fatar da ya faɗo,
bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Yanzu hadari ya fara leƙowa ta kan duwatsun Mandara.
Jiya na ga matan majema suna jidar dutse zuwa bakin mayo,
Dudu ce a gaba, da goyo, tana ba da umarni.
Njidda ya tsaya a gaɓa da hatiminsa cikin aljihu,
ya buɗe baki zai tambayi wa ya ba su izini,
sai wata yarinya ta miƙa masa dutse.
Ya dube shi. Ya duba hanyar kudu.
Da nauyi, in ji shi,
a ina zan ajiye?