Wanda Ya Mutu Sau Sha Tara

Ni ne Nalado na Ƙofar Guga.
In kun san ni, to ba ta fuska ba.
Shekara ashirin da ɗaya ina cikin akwatin talabijin,
ko tsinin hancina ba wanda ya gani.

Gyaran rediyo nake yi a bakin tasha
ranar da Mannir darakta ya taka birkin babur,
ya dubi tsawona, ya dubi siraran hannuwana,
ya ce, "Kai dai ba ɗan duniyar nan ba ne."
Na ɗauka zagi ne.
Aiki ne.

Suka kifa mini ƙwarya a ka,
suka lulluɓe ta da takardar cikin kwalin sigari,
idanu biyu na ƙwan tocila,
da eriyar rediyon wani mai shayi da bai dawo karɓa ba.
Kumbonmu gangar kalanzir biyu ce da labule.
Duniyar Zara kuwa duwatsun hanyar Batsari,
inda awaki ke kutso mana cikin hoto,
Mannir ya ce a ƙyale su, dabbobin can ne.

Jarumi shi ne Sada mai wushirya,
shi 'yan mata ke rubuto wa wasiƙa.
Ni baƙon daren Laraba ne:
in sauko, in yi magana da yaren da na harhaɗa,
rabi abin da kunnena ya tsinta a kasuwar Jibiya,
rabi kukan fankar da ta sha duniya,
kafin labaran ƙarfe tara an harbe ni.

Sau sha tara na mutu, ina da lissafi.
Sau ɗaya na narke, kunun kanwa suka zuba.
Sau ɗaya na zama hayaƙi,
da turaren wutan Baraka matata,
ta kwana uku ba ta ce mini ci kanka ba.
Mako ya zagayo, a canza wa ƙwarya fenti,
in dawo a matsayin ƙanen mamaci.
Ladan mutuwa ɗaya: kuɗin cefanen kwana biyu,
wani lokaci alkawari.

Sa'adatu 'yata tana shekara biyar
takan ɓuya a bayana in dodon ya fito,
tana cewa, "Baba, kore shi."
In rungume ta da hannuwan da take gudu.
Sai wani dare ta daina kuka,
ta dubi akwatin, ta dubi babban yatsana
inda dalma ta ƙone ni tun ina yaron shago.
Ba ta ce komai ba.
Da aka harbe ni a ranar
ta tashi ta kashe talabijin.

Kaset ɗin duk sun tafi.
Wasu gara ta ci,
wasu aka naɗi jawabin buɗe rijiya a kansu.
Mannir yana Ɗan Takum kwance.
Ƙwaryar tana nan, Baraka na awon gero da ita,
ramukan idon ta toshe da ƙaro.

Shekaranjiya wani mai furfura ya kawo rediyo,
muna ciniki na yi tsaki, na ce a'a.
Ya tsaya cak.
Ya ce, "Malam, maimaita."
Na dubi hagu, na dubi dama,
na saki masa yaren Zara, jimla guda.
Ƙato da jikoki ya ja da baya har ya taka kwata,
sannan ya yi dariya har hawaye,
ya biya bai nemi ragi ba.

Yanzu in na fito sallar asuba
nakan gan ta can saman Gobarau, tana ƙyalli.
Ba na daɗewa ina kallo.
Na san wurin. Akwai awaki.